Rubutun Malama a Bangon Aji Biyar

Da Hedimasta ya aiko a kira Mai Fenti, shi duk zatonsa allon ƙofar makaranta za a sabunta, don rana ta cinye shi har sunan makarantar ya koma rabi. Ya rataya jakar burusansa ya tafi. Ashe aikin ya wuce nan. Masu duba makarantu za su zo ƙarshen wata, shi kuwa Hedimasta sabon zuwa ne mai jini a jika, ya ci alwashin ba za su tarar da bango ko ɗaya da dauɗa ba. Azuzuwa shida, ofis da ɗakin malamai, duka a kankare a shafe, ruwan madara daga sama, shuɗi daga ƙasa.

"Baba, an ce mini duk unguwar nan babu mai hannunka," in ji Hedimasta, yana kaɗa makullai. "Zo mu zaga ka gani da idonka."

Suka zaga. Mai Fenti yana tafe yana ƙwanƙwasa bango da bayan yatsa, yana cewa wannan zai sha shafi biyu, wancan sai an toshe masa tsaga tukuna. Da suka zo aji biyar sai ya tsaya a bakin ƙofa. Rabonsa da leƙa ajin nan shekara huɗu, kuma abin da ya gani a wancan leƙen ne ya sa bai sake ba.

Bangon baya, daga taga zuwa taga, rubutu ne da baƙin fenti da ja, layi goma sha biyu, an raba su gida biyu. Ko kuwa a ce dā rubutu ne. Kwanon rufi ya daɗe yana yoyo ta kusurwar hagu, ruwa ya yi ta bin bangon har filasta ta kumbura ta fara zuba. Gefen hagu ya tafi kusan duka. Layukan ƙasa kuma bencina da bayan yara sun goge su tas, wani ɗan albarka har ya zana mota da ƙusa a inda suke.

Hedimasta ya buga bangon da makulli, ya yi ƙarar kwano wofi. "Wannan kam sai an fasa filastar gaba ɗaya. Amma wanda ya yi rubutun nan ya iya hannu, wallahi."

"Matata ce," in ji Mai Fenti. "Ita ta rubuta da alli, ni na bi da fenti."

Hedimasta ya yi tsuru-tsuru. Ya shiga kame-kame, ya ce ai an kawo musu manyan takardun bango bugun inji, masu launi, za a liƙa su a kowane aji, kuma da bangon yana da lafiya da shi kansa zai hana a taɓa shi. Mai Fenti ya ɗaga masa hannu. Shekara arba'in yana sana'ar nan, ba sai wani ya gaya masa bango ya mutu ba. Ya karɓi aikin, don in ya ƙi wani za a kira, kuma gara hannunsa da hannun baƙo. Damuwarsa ita ce yadda zai faɗa wa Malama, matar tasa.

Labarin bangon nan ya kai shekara talatin da huɗu. Lokacin Mai Fenti saurayi ne siriri, an ɗauke shi ya shafa wa tagogin makarantar kore. Ita kuma sabuwar malamar Turanci ce, 'yar ƙarama, amma in ta ɗaga murya a aji biyar har masu shago a tsallaken titi sukan gyara zama. Daga saman tsani yake jin darasinta, ba ya fahimtar komai, amma bai taɓa jin an yi faɗa mai daɗin nan ba.

Faɗan kuwa kullum a kan abu ɗaya ne. Turanci yana da wata ƙa'ida da ta daɗe tana ba yara kashi: dole mai yin aiki da kalmar aikin su jitu. In abu ɗaya ne ke aikin, kalmar aikin ta ɗauki harafin nan mai lanƙwasa, s, a bayanta. In suna da yawa, ta ajiye shi. Malama ba ta taɓa kiransa harafi ba, guga take ce masa. Ta rubuta "The goat eats" a hagu, "The goats eat" a dama, akuya tana ci, awaki suna ci, sannan ta juyo da rula a hannu.

"Ku buɗe ido ku gani, guga ɗaya ne tak a gidan nan. In awaki sun ɗauka, aiki ya haƙura. In akuya ɗaya ce, sai aiki ya riƙe. Duk wanda ya kawo mini guga biyu, ko ya bar gida ba guga, ni da shi ne."

In wani mai ƙiriniya ya ɗaga hannu ya ce, to Malama, in ni ne ke aikin fa, ko kai? Sai ta ce, "Ni da kai ba ruwanmu da guga, da hannu muke sha." Aji ya kwashe da dariya, kuma ba wanda ya sake mantawa, sai dai washegari.

Matsalar ita ce kullum ta cika allo da misalai, kullum sai an goge don lissafi ya samu wuri. Ran nan ta gaji. Ta fito ta tsaya a gindin tsaninsa, ta kare rana da tafin hannu.

"Kai mai fenti, ka iya Turanci?"

"Ko zagina aka yi da shi, amin zan ce."

"Madalla. Ba za ka yi mini gyara ba ke nan. Sauko."

Haka aka yi aikin. Bayan an tashi makaranta ta hau benci ta rubuta layi da alli, ta sauko, shi ya hau ya bi sawun allin da siririn burushi. Bai miƙe mata ko harafi ɗaya ba. Inda hannunta ya ja wutsiya mai tsawo ya ja, inda ya karkata ya karkata, shi ya sa duk wanda ya san rubutun Malama in ya ga bangon zai rantse ita ta riƙe burushin. Kowane guga an yi shi da ja, saura baƙi. Aikin kwana uku ne a wurin mai hannu irin nasa, amma ya ci kwana tara. Ya ce fentin mai ba ya son gaggawa. Ita ma da ba ta yi wa kowa uzuri, ba ta tambayi dalili ba. Kafin shekara ta zagayo an yi aurensu, ya ci gaba da ce mata Malama, ta ci gaba da ce masa Mai Fenti, har 'yarsu tilo ta taso tana zaton sunayensu ke nan.

Tun daga nan in darasin ya zo sai ka ji ta ce, "A juya!" Yara arba'in su juya su ba allo baya, su fuskanci bangon, su rera layukan da ƙarfi har tattabarun rufi su tashi. Akwai direbobi da ma'aikatan jinya da magatakarda da yawa yau, waɗanda in za su rubuta takarda sai sun lumshe ido sun hango jan gugan nan kafin su sa biro. Wasunsu sukan tsayar da Mai Fenti a hanya su gaya masa haka, shi kuma ya kai mata gida da ɗuminsa.

Shekara guda bayan ta yi ritaya ciwon suga ya taɓa idonta. Aka yi ta zaryar asibiti, hagu ya tafi, dama ya bi shi. Malama ba ta yi kuka a gaban kowa ba, amma ta yanke hukunci ɗaya: ba za ta sake taka titi ba. Ta ce ba za a ja ta da hannu a gaban yaran da ta koya wa tsayuwa a layi ba. 'Yarsu ta yi magiya ta waya daga can inda take aure, maƙwabta suka yi, a banza. A cikin gida kuwa ba abin da ya gagare ta. Ta san taku nawa ne daga ɗaki zuwa famfo, ta san kowane cokali da mazauninsa, kuma kaiton wanda ya matsar da kujera bai faɗa ba.

Sai ya zama Mai Fenti ne idonta a waje. Kullum da yamma in ya dawo, ya wanke hannu da kananzir, ya bi da sabulu, ya zauna a kan tsohon bokitin da ya kife a bakin ƙofar ɗaki. Ta miƙo masa shayi ta ce, "To, me ka gani yau?" Shi kuma ya zuba.

Ƙaryar farko ba da niyya ya yi ta ba. Ranar da likita ya ce musu ba sauran abin yi, ranar ce aka sare babbar bishiyar kwanar titinsu don za a faɗaɗa hanya. A gindinta ya saba jiran ta in ta taso daga makaranta. Da ta tambaye shi ko bishiyar ta yi sabon ganye, sai ya dubi fuskarta ya ji bakinsa yana cewa, "Ta yi, har inuwarta ta kai bakin kwata." Ya ga kafaɗunta sun sauka. Daga nan fa abu ya zama jiki. Shagon littattafan da take sayen alli ya koma wurin cajin waya, amma a bakin Mai Fenti tsohon mai shagon yana nan yana gyangyaɗi a kan kujera. Gidan rawaya mai baranda da take sha'awa an rushe shi, amma a bakinsa an ma sake masa fenti. Ba mamaki, mutum ne da ya ƙare rayuwarsa yana toshe tsaga yana shafa launi a kai, kuma yana ganin alheri yake yi.

Sau ɗaya a wata ko fiye takan ce, kamar ba ta damu ba, "Bangona fa?"

"Kamar jiya aka yi shi," yake cewa. "Jan ko dusashewa bai yi ba."

Ya fara aikin makarantar daga ofis. Ya yi ɗakin malamai, ya yi aji ɗaya, biyu, uku, huɗu, ya tsallake ya yi shida. A gida ya ce wani sito yake shafawa a bayan kasuwa. Kwana goma sha ɗaya yana wannan wasan ɓuya, yana ci ba ya jin daɗi, har Malama ta ce ko ciki ke damunsa. Ranar Alhamis Hedimasta ya same shi yana wanke rolar fenti, ya ce cikin ladabi, "Baba, magini zai zo Litinin. A fasa masa filastar aji biyar kafin ya iso." Ranar wanka dai ba a ɓoyon cibi.

Da yamma ya zauna a kan bokitinsa, ya bar shayi ya huce a hannu. Sai ya faɗi rabin gaskiya, wadda sau da yawa ta fi ƙarya ɓarna. Ya ce ba sito ba ne, makarantarta ce yake shafawa, kuma an ce a shafe aji biyar har da bangon baya.

Ya yi zaton Malama kuka za ta yi, har ya fara shirya kalmomin lallashi. Ina! Sai ya ga ta miƙe zaune, ta gyara ɗankwali, tsohuwar muryar nan ta aji biyar ta dawo.

"Lafiyayyen bango? Haka kawai don masu dubawa za su zo? Shi wannan Hedimastan, shekararsa nawa?"

"Yaro ne. Amma yana da hankali, Malama. Ya ce an kawo takardu bugun inji..."

"Takarda! Wata uku ta yage. Bangon da ya yi shekara talatin da huɗu ko dusashewa bai yi ba, shi za a musanya da takarda? Yana zuwa ofis ran Asabar?"

"Yakan leƙo da safe."

"To ka samo mana tasi. Zan je in gan shi."

Gaban Mai Fenti ya faɗi. Shekara biyar ana roƙon matar nan ta fita ta ƙi, yau ga ta za ta fita da ƙafarta, kuma ƙaryarsa ce ta fito da ita. Ya ce ta bari shi zai sake yi wa Hedimasta magana. Ta ce shi ba ya iya faɗa, ko ciniki aka bar shi da shi sai ya ƙara wa mai kaya. Ya ce rana tana da zafi. Ta ce da can a inuwa take zuwa aiki?

Ranar Juma'a da yara suka tashi ya shiga aji biyar da siririn burushi da ragowar baƙin fenti, wai ko zai iya mayar da layukan da suka ɓace. Ya san su sarai, ya haddace surarsu yadda mutum ke haddace fuskar 'ya'yansa. Amma yana ɗora burushi filastar ta biyo shi kamar garin da ya jiƙa. Ya gwada sau uku. Ya zauna a kan bencin yara, gwiwoyinsa kusan a haɓa, ya ji tsoro irin wanda bai taɓa ji a saman tsani ba. Ba bangon yake tsoro ba. Hannun Malama yake tsoro, don hannun nan ba a yi masa ƙarya.

Asabar da hantsi ta fito cikin kayan da takan sa ranar raba sakamako, har da agogon da ba ta iya dubawa. A cikin tasi ta yi ta bitar abin da za ta faɗa, hujja ta ɗaya, ta biyu, ta uku. Shi kuwa sau biyu ya buɗe baki zai faɗa mata gaskiya, sau biyu ya rufe.

Da suka sauka ta riƙe gwiwar hannunsa. Ta ja numfashi ta ce, "Ƙamshin fentinka ya kori ƙamshin alli." Sannan ta ce, "Kai ni ajina tukuna. In gaishe shi kafin in yi faɗa a kansa."

Matakala uku, ta tuna da su kafin ya faɗa. A bakin ƙofa ta saki hannunsa. Ta bi tsakanin bencina tana taɓa kowanne, kanta a sama, ba ta yi tuntuɓe ko sau ɗaya ba, har ta kai bango. Ta ɗaga hannun dama daidai inda ta san layi na uku yake a gidan hagu, ta ɗora tafinta.

Filasta ta ɓare ta zubo mata a hannun riga.

Ta tsaya. Ta matsar da hannun gaba, ta ji bulo tsirara, mai sanyi da danshi. Ta yi ƙasa, ta ji santsin inda bayan yara ya goge. Yatsanta ya faɗa cikin zanen motar nan ya bi shi har taya. Shi kuma yana tsaye a bayanta yana kallo.

"Mai Fenti."

"Na'am."

"Wannan ba ɓarnar bana ba ce."

"A'a."

"Tun yaushe?"

"Na gan shi haka shekara huɗu da suka wuce. Ya ƙaru."

Ta juyo. Idanun da ba sa gani suka sauka daidai kan fuskarsa, kamar yadda suke sauka a kan yaron da bai yi aikin gida ba.

"Da ka bar ni na shiga ofishin yaron nan ina ɗaga murya a kan lafiyayyen bango? Yana kallona, yana tuna wannan? Ya ce tsohuwa ta makance har hankali ya bi ido?"

"Da ban bari ba."

"Ka bari na sa agogo."

Ya ce, murya ƙasa-ƙasa, "Na ga abin da ya tafi miki ya isa, Malama. Ban so in ƙara miki ba."

"Bishiyar kwana fa?"

"An sare ta," in ji shi.

Ta laluba benci ta zauna. Sai yanzu hawaye suka zo, ba ta kuma share su ba. "Kai ne idona," ta ce. "Ba ni da wani. Kullum ka fita ka shiga gari na gaskiya, ka dawo ka same ni zaune a garin da babu shi, ni kaɗai, ka miƙo mini ƙari. Ina ta murna ina gaishe da mutanen da wataƙila sun mutu. Ido na rasa, Mai Fenti, ba a ce maka na koma jaririya ba."

Shi ma ya zauna a bencin da ke fuskantarta. Bai ba da haƙuri ba, don ya san haƙuri a wurin nan wani shafin fenti ne. Kunya da baƙin ciki suka taru suka danne shi, ya ji da ma ƙasa ta tsage.

Daga baya ta jawo gefen mayafi ta goge fuska. "Me ya rage? Karanta mini. Abin da ke nan kawai, kada ka cika mini da ka."

Ya miƙe ya karanta da Turancinsa na mai fenti, wanda bai wuce layukan nan goma sha biyu ba. Awaki suna nan, akuya ta tafi. Tsuntsaye suna nan. Layi na huɗu rabi, na biyar saura jan guga shi kaɗai a rataye, ba kalma gaba ba kalma baya. Daga na tara zuwa ƙasa babu komai. A layi na shida ta tsayar da shi ta gyara masa lafazi, ya maimaita, ta ce, "Da dama-dama."

"Ina ƙarfen da kake kankara da shi?"

Ya ciro shi daga jaka ya sa mata a hannu. Ta tashi ta laluba inda rubutu ya rage a dama, ta kafa bakin ƙarfen, ta ja da ƙarfinta. Ɓawon fenti ya zubo a kan takalmanta.

"Ban taɓa fita daga aji na bar wa wani ya goge mini allo ba," ta ce. Ta miƙa masa ƙarfen. "Na fara. Ka ƙarasa."

A baranda suka ci karo da Hedimasta, ya rusuna har ƙasa yana gaisuwa, yana neman inda zai fara ba da haƙuri. Malama ta katse shi. "Ɗana, ka sa a gyara kwanon nan kafin a yi filasta. In ba haka ba, baɗi war haka kana nan kana kiran mijina." Hedimasta ya ce in Allah ya yarda, ya raka su har ƙofa, ya ce bari ya tsayar musu da tasi.

"Bar shi," in ji Malama. "Da ƙafa za mu koma."

Mai Fenti ya dube ta. Titi cike yake da mutane, rabinsu sun zauna a ajinta. Ta kama gwiwar hannunsa, riƙo mai ƙarfi, ba irin na ɗazu ba.

"Muje. Duk abin da muka wuce ka faɗa mini. Yadda yake."

Suka kama hanya a hankali. Ya ce nan shagon littattafai ne dā, yanzu cajin waya ake yi, tsohon ya rasu shekara uku ke nan. Ta tsaya ta yi masa addu'a, sannan suka ci gaba. Ya ce gidan rawaya babu shi, bene ne mai hawa uku, kuma wanda ya yi masa fenti bai iya ba. Wata mata mai goyo ta tsallako titi da gudu tana "Malama! Malama!", ta durƙusa ta kama hannunta, Malama ta gane ta da murya, har ta tuna mata a wane benci take zama. A kwana ya ce nan bishiyar take, yanzu kwalta ce da turken lantarki. Ta ce ta ji, rana ta gaya mata tun kafin ya faɗa.

Kowace gaskiya da ya faɗa sai ya ji kamar ya cire mata wani abu daga hannu, amma riƙon da ta yi masa bai sassauta ba. Sun kusa ƙofar gida ta rage tafiya.

"Saura abu ɗaya. Ni fa? Yaya na koma?"

Amsar da ya saba bayarwa ta zo masa har bakin leɓe, ya haɗiye ta. Ya dube ta sosai a cikin hasken rana, abin da ya daɗe bai yi ba.

"Kin tsufa, Malama. Furfura ta fito ta gefen ɗankwali, fari fat. Kumatun sun faɗa. Idon hagu ya yi fari, na dama yana nan kamar yana gani. Ga kuma garin filasta a girarki."

Ta ɗaga hannu ta share girar, ba daidai ba. Ya kai yatsa ya share mata.

"Kai fa?"

"Ni na fi ki lalacewa. Saura haƙori biyu a sama, kuma hannuna ya fara rawa. Siririn burushi ya kusa fin ƙarfina. Ban gaya wa kowa ba."

Malama ta saki gwiwar hannunsa, ta laluba ta kama tafin, ta riƙe shi cikin nata har ta ji rawar da kanta.

"To," ta ce. "Yanzu na gan ka."